Matakin Farko na Tsani: Sharhi a Kan Ayyukan Aji na Littattafan Lugati a Firamaren Madina da Matsayin Ɗan Gidan Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi sharhi a kan yadda aka jera ayyukan aji a littattafan koyar da Larabci na makarantun firamare na gwamnatin Saudiyya, waɗanda aka fi sani da Lugati ko Lugati al-Jamila, tun daga aji ɗaya har zuwa aji shida. An dubi jerin ne ta fuskar yaron da ya tashi a gidan Hausawa a birnin Madina. An ɗora sharhin a kan ra'ayin Ibn Khaldun na koyarwa mataki-mataki da rabe-raben matakan karatu na Jeanne Chall. Maƙalar ta nuna cewa jerin ayyukan yana da tsari mai kyau, amma an kafa matakinsa na farko a kan zaton cewa kowane yaro ya zo da Larabci daga gida. Yaron da bai zo da shi ba yana iya wuce ajujuwan farko da kwaikwayo, sai giɓin ya bayyana a aji huɗu. Daga ƙarshe an kawo shawarar a yi amfani da kusancin Hausa da Larabci, da kuma rubutun ajami, wajen cike giɓin.

Fitilun Kalmomi: ayyukan aji, firamare, Madina, harshen gida, ajami

1.0 Gabatarwa

Littafin makaranta yana koyar da abu biyu a lokaci guda. Akwai abin da aka rubuta domin a karanta, akwai kuma abin da aka umarci yaro ya yi da hannunsa da bakinsa bayan ya karanta. Wannan na biyun shi ne aikin aji: bin sawun harafi da fensiri, haɗa kalma da hoto, cike gurbi, shifta, amsa tambayoyin auna fahimta, tsayuwa a gaban aji a yi bayani, da rubuta insha'i. Masu nazarin littattafan makaranta sun fi mayar da hankali a kan matani, alhali a cikin aikin aji ne ake gane irin yaron da marubutan littafi suka riƙe a zuciya lokacin da suke rubutu.

Makarantar firamare a Saudiyya shekara shida ce, ana shiga ta a wajen shekara shida da haihuwa. An kasa ta gida biyu: ajujuwan farko, daga ɗaya zuwa uku, da manyan ajujuwa, daga huɗu zuwa shida. Manhaja ɗaya ce ga ƙasar baki ɗaya, saboda haka littafin da ake buɗewa a Riyadh shi ake buɗewa a Madina. Sai dai ajin Madina yana tara yaran gidajen da asalinsu ya fito daga sassan duniya da dama, ciki har da ƙasar Hausa. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan jerin ayyukan aji tsani ne, a ina aka kafa matakinsa na farko, kuma ƙafar wa aka auna?

2.0 Hausawa a Madina da Sauyin Makaranta

Zaman mutanen Afirka ta Yamma a Hijaz ya samo asali daga aikin hajji na ƙasa, wanda kan ci shekaru. Ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'a masu yawa suka yi hijira gabas. Wasu sun tsaya a Sudan, inda aka kafa garin Mai Wurno, wasu sun ƙetare teku. Daga cikin waɗanda suka isa Madina akwai Alfa Hashim, wanda ya zama jagoran mutanen yankinmu a birnin har rasuwarsa a 1931. Bayansa an yi Shaikh Abdurrahman al-Ifriƙi, mutumin Mali, wanda ya koyar a Darul Hadis ya kuma shugabance ta kafin rasuwarsa a 1957, sai almajirinsa Shaikh Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi (SAW) har zuwa 1999. Sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi shaida ne na wannan tarihi.

Karatun yara a Madina a wancan zamani yana hannun kuttabi, makarantar da ta yi kama da makarantar allo. Babu aji a cikinta. Kowane yaro yana kan darasinsa, ba ya wucewa sai ya iya. Tsarin aji-aji ya zo ne da makarantun zamani, ya kuma kafu bayan an kafa hukumar ilimi a 1926, wadda ta zama ma'aikata a 1953. Sauyin ya kawo riba babba, domin ya sa ana koyar da yara masu yawa a lokaci guda, da fannoni da dama. Amma ya zo da sharaɗi: dukkan yaran aji za su tashi daga wuri ɗaya, su yi tafiya da sauri ɗaya. A kuttabi, yaron da ya zo ba ya jin Larabci yana ɗaukar lokacin da yake bukata. A aji kuwa, littafi ba ya jiran kowa.

Ya kamata a bambance yaran da ake magana a kansu. Akwai jikokin tsofaffin mazauna, waɗanda Larabcin Hijaz ne harshensu na farko, Hausa kuwa sai abin da suka tsinta a bakin kakanni. Akwai kuma yaran gidajen da har yanzu Hausa ce harshen cikin gida, ciki har da 'ya'yan ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Sharhin ya fi shafar rukuni na biyu, ko da yake na farko ma yana da rabo a ɓangaren ƙarshe.

3.0 Ma'aunin Sharhi

A cikin Muƙaddima, Ibn Khaldun ya yi bayanin cewa koyarwa tana amfani ne idan aka bi ta sannu a hankali, ana komawa kan fanni sau uku: da farko a dunƙule, sannan a faɗaɗa, sannan a warware abin da ya saura mai wuya. Ya kuma kawo shawarar alƙali Abubakar Ibn al-Arabi cewa a fara koya wa yaro harshen Larabci kafin sauran karatu, domin kada ya riƙa karanta abin da bai fahimta ba. Ya yaba shawarar, ya ce al'ada ce ta hana a bi ta.

A zamanin nan, Jeanne Chall (1983) ta raba shekarun karatu gida biyu: shekarun da yaro yake koyon karatu, da shekarun da yake karatu domin ya koyi wani abu. Mahaɗar biyun tana wajen aji huɗu, kuma a nan ne yaran da ba su da wadatar kalmomi suke fara ja da baya. Sai kuma bayanin Charles Ferguson (1959) a kan al'ummomin da suke da nau'i biyu na harshe ɗaya, na gida da na rubutu, wanda Larabci yana cikin misalansa. Daga waɗannan aka fitar da ma'auni uku: daga ina jerin ayyukan ya tashi, yaya yake hawa, kuma aikin yana iya bambance wanda ya fahimta da wanda ya kwaikwaya?

4.0 Nazarin Ayyukan

4.1 Aji Ɗaya Zuwa Uku

An gina littafin aji ɗaya a kan babi-babi, kowane babi da jigonsa: iyalina, makarantata, birnina, da sauransu. Yara biyu, Fawwaz da Nura, su ne ke jan labarin. Ba a bi jerin abajada wajen gabatar da haruffa ba. Babin farko ya kawo mim da ba da lam da dal da nun da ra, kowane harafi da gajerun wasulansa da dogaye, da siffarsa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Ayyukan sun haɗa da sauraren ɗan labari, lura da hoto, ware sautin daga cikin kalma, bin sawunsa, da rarraba kalma gaɓa-gaɓa sannan a sake haɗa ta.

Wannan tsari ya cancanci yabo. Fara wa yaro da sauti kafin sunan harafi, da koya masa harafi a cikin kalma mai ma'ana, ya fi haddar abajada. Haruffa shida na farko duk suna da takwarorinsu a Hausa, don haka ɗan Bahaushe yana shiga babin farko ba tare da tuntuɓe ba ta fuskar furuci. Matsalar tana farawa a babi na biyu, inda sad da sin suka zo tare, ga kuma ha ta maƙogwaro. A kunnen Bahaushe sad da sin sauti ɗaya ne. Balaraben Hijaz yana jin bambancinsu tun yana goye, don haka littafin bai ware wani atisaye mai tsawo na bambance su ba. Ya ɗauka kunne ya riga ya gama wannan aiki a gida.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kalmomi. Aikin ware sauti daga kalma yana tafiya daidai ne idan yaro ya san kalmar. Balaraben yaro yana ganin hoton ƙofa ko ayaba ya ambaci sunansu, sai malami ya gyara masa furuci zuwa daidaitaccen Larabci. Tazarar da ke gabansa ita ce wadda Ferguson ya bayyana, tsakanin karin gida da harshen littafi. Ɗan gidan Hausawa yana da tazara biyu a gabansa, kuma yana koyon kalmar da harafinta da furucinta a zama ɗaya.

A aji biyu da uku matani yana ƙara tsawo, shifta tana tashi daga kwafe abin da ake gani zuwa rubuta abin da aka ji, ana kuma horar da yara a kan sigogin jimla ta hanyar kwaikwayon misali. A nan ne ma'auni na uku yake aiki. Yawancin waɗannan ayyuka rufaffu ne, wato amsarsu ɗaya ce kuma tana kusa: a haɗa da layi, a zaɓa daga kalmomi uku, a cike gurbi da kalmar da ke cikin matani, a yi jimla irin ta sama. Yaro mai kaifin ido da ƙarfin hadda yana iya cika su duka ba tare da ya san abin da labarin yake cewa ba. Yaran gidajen Hausawa kuwa sukan zo da horon hadda daga karatun Alƙur'ani. Ƙarfinsu shi ke rufe rauninsu, malami ya ga littafi cike da amsoshi daidai, ya ɗauka an fahimta.

4.2 Aji Huɗu Zuwa Shida

Daga aji huɗu fasalin babi yana sauyawa. Kowane babi yana ɗauke da matanin saurare, matanin auna fahimta, darasin ƙa'idar rubutu, darasin nahawu, kyautata rubutun hannu, waƙa, sannan aikin magana da aikin rubutu. Ana shiga mubtada da habari, da fa'ili da maf'uli, da dokokin rubuta hamza. Ana bukatar ɗalibi ya fitar da babban jigon matani, ya faɗi ra'ayinsa, ya taƙaita, ya rubuta labari ko wasiƙa, ya tsaya a gaban aji ya gabatar da batu. A lokaci guda kimiyya da lissafi da darussan addini duk suna zuwa a cikin matani mai tsawo.

Ta fuskar ma'auni na biyu, hawan yana da tsari. Abin da aka kwaikwaya a aji biyu ba tare da suna ba, shi ake ba suna a aji huɗu, a faɗaɗa shi a aji shida. Wannan ya yi daidai da komawa sau uku da Ibn Khaldun ya bayyana. Haɗa nahawu da karatu da rubutu a ƙarƙashin jigo ɗaya shi ma ya fi tsohon tsarin da kowanne yake da littafinsa dabam.

Amma akwai tsalle tsakanin rufaffen aiki da buɗaɗɗe. Aikin da ke cewa a taƙaita labari ko a kare ra'ayi ba ya karɓar hadda. Yana neman rumbun kalmomin da aka tara a shekara uku na baya, da wanda aka tara a gida kafin nan. Yaron da ya wuce ajujuwan farko da kwaikwayo yana isowa nan da rumbu maras kauri. Abin da malami da iyaye za su gani shi ne yaron da ya yi ƙoƙari a aji biyu ya koma baya a aji huɗu, sai a zargi wasa ko lalaci. Ba a ranar aka yi ramin ba, ranar ce aka faɗa cikinsa. Laifin jerin ayyukan a nan shi ne jinkirta buɗaɗɗen aiki. Da an yawaita neman yaro ya sake ba da labari da bakinsa tun aji ɗaya, a kuma auna shi a kan haka kamar yadda ake auna shifta, da giɓin ya fito a lokacin da cike shi yake da sauƙi.

4.3 Wane ne Mai Magana?

Wani abin lura a waɗannan littattafai shi ne sigar umarni. Ba a ce wa yaro ya karanta ko ya rubuta. An sa aikatau a bakin yaron ne, a sigar mai magana, kamar shi ke ba da labarin abin da yake yi. Dabara ce mai kyau, domin tana mayar da ɗalibi mai aiki maimakon wanda ake aika. Sai dai tana ɗauke da wani nauyi. Idan littafi ya ari bakin yaro ya yi magana a kan iyalina da birnina, to iyalin da aka zana su ne suka zama ma'auni. Gidan Fawwaz da Nura gida ne mai harshe ɗaya. Yaron da kakarsa take kiransa da Hausa, ake tuƙa tuwo a gidansu, yana furta wannan "ni" a kullum ba tare da ya ga gidansu a ciki ba.

Adalci ya sa a ce littafin ƙasa ba zai iya zana kowane gida ba, kuma ba a tsammanin makarantar Saudiyya ta koyar da Hausa. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi: aikin da zai bar gurbi yaro ya shigo da gidansu cikin darasi. Babin iyali yana iya tambayar yadda ake kiran kaka a gidan kowa. Babin birni, a Madina musamman, yana iya tambayar inda kakannin kowa suka fito. Idan babu irin wannan gurbi, darasin da yaro yake koya a ɓoye shi ne cewa harshen gidansu abin ajiyewa ne a bakin ƙofa tare da takalmi. Ta wannan hanya harshe yake fita daga gida a cikin tsara biyu ko uku.

5.0 Jarin da ba a Taɓa ba

Ɗan gidan Hausawa ba da hannu wofi yake zuwa ajin Larabci ba. Kayan karatunsa sunayensu na Larabci ne: littafi, alƙalami, allo, darasi, malami. Ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, duk aro ne. Hausa tana bambance dogon wasali da gajere, tana kuma da baƙi mai ƙarfi irin wanda shadda take nunawa. Tana raba namiji da mace a wakilin suna na wanda ake yi wa magana, har ma da sauti iri ɗaya: littafinka da littafinki suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da kitabuka da kitabuki. Ko bambancin furuci yana da ƙa'idar da za a iya nuna wa yaro. Harafin dad yakan koma lam a bakin Bahaushe, shi ya sa aka sami alƙali da farilla da alwala. Yaron da aka nuna masa wannan ya sami mabuɗin kalmomi masu yawa a lokaci guda.

Malaman allo sun san wannan hikima tun da daɗewa. A matakin babbaƙu sun laƙaba wa haruffa sunayen da ke bayyana siffarsu, irin su ba guje da lam jaye da ta kuri, domin yaro ya kama baƙon abu da harshen da ya sani.

Babban jarin shi ne ajami. Yaron Madina yana gama aji ɗaya ya san haruffa 28 na Larabci da wasulansu. Tsakaninsa da karanta Hausa a rubutun ajami saura haruffa kaɗan da ɗigon imala. Masu shirya littattafan Hausa domin 'ya'yan mazauna ƙetare sukan fara da boko, wanda ya dace da London ko New York. A Madina ƙaramin littafin tatsuniya da kacici-kacici a ajami, wanda ya bi jerin haruffan Lugati babi bayan babi, zai yi aiki biyu. Zai ba yaro damar karanta abin da ya fahimta da haruffan da yake koyo a makaranta, ya kuma riƙe masa Hausa a rubuce. Jikokin tsofaffin mazauna ma za su iya komawa ga harshen kakanninsu ta wannan ƙofa. Aiki ne na iyaye da ɗaliban jami'a da sassan nazarin Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato, ba ya jiran izinin wata ma'aikata.

6.0 Madubi ga Ƙasar Hausa

Abin da aka gani a Madina yana da ɗan'uwa a gida. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a koyar da harshen uwa ko na muhalli a shekarun farko na firamare, sannan a koma Ingilishi. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun ƙarfafa karatun Hausa a ajujuwan farko. A nan an kafa matakin farko daidai ƙafar yaro, amma a ƙarƙashin waccan manufa tsanin ya riƙa karyewa a aji huɗu, lokacin da harshen koyarwa ya riƙa sauyawa a daidai gaɓar da Chall ta nuna tana da haɗari. Gwajin Ife na shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 an yi shi ne domin nuna amfanin ci gaba da harshen uwa har ƙarshen firamare. Littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya kuwa misali ne na jerin da ya tashi daga dandali da ɗakin kaka. Abin da ya kamata a aro daga Lugati shi ne tsarin hawa daga aji zuwa aji a cikin harshe ɗaya. Abin da Lugati ya rasa, wato farawa daga inda yaro yake tsaye, shi ne abin da waɗannan littattafai suke da shi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ayyukan aji na Lugati daga aji ɗaya zuwa shida, ta same su da kyakkyawan jeri, da fara koyarwa daga sauti, da haɗa fannonin harshe wuri ɗaya. Ta kuma nuna raunuka uku dangane da ɗan gidan Hausawa a Madina: zaton cewa kunne da kalmomi sun zo daga gida, rinjayen rufaffen aiki a ajujuwan farko wanda yake ɓoye rashin fahimta har zuwa aji huɗu, da rashin gurbin da yaro zai shigo da gidansu cikin darasi. Gyaran farko yana hannun malami, ta hanyar neman yaro ya ba da labari da bakinsa tun makon farko. Na biyu yana hannun masana Hausa: su nazarci Hausar Hijaz a bakin yara, su kuma shirya littattafan ajami da za su bi sawun haruffan da makaranta take koyarwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun ɗanyen a nan su ne aji ɗaya zuwa uku.